Jahilar da ke Shafi na Uku

A Dabai Japhet ya fara ganin Keziah, cikin daminar 2005. Shi ɗan Rikoto ne, jami'a ta turo shi binciken abin da ke kashe jarirai a makon farko. Ita kuwa tana shanya zannuwan mahaifiyarta, Mama Sila, ungozomar garin. Tambaya arba'in ya zo da su, da ta ɗago ido ko ɗaya bai tuna ba.

"Malam, zauna mana," in ji ta. "Takarda ba ta gudu."

Wata uku yana sintiri a babur. Mama Sila ta sake da shi har ta faɗa masa sirrin hannunta: ba ta wanke jariri ranar haihuwa. Goge shi take yi, ta kwantar da shi a ƙirjin uwa, ta ɗaure su da zane su ɗumama juna. Jariranta ba kasafai suke mutuwa ba. Ya rubuta komai, ya kuma rubuta wa Keziah tes:

"Keziyata, yau na saurari zuciyar jarirai tara. Tawa ta fi tasu gudu, ke ce sanadi."

"Malamina, rana ce ta buge ka. Sha ruwa."

Bayan shekara biyu binciken ya fito a wata mujallar likitoci ta ƙasar waje. Masana suka yi ta ambatonsa, ana gayyatarsa taro. Bawan Allah kai ya kumbura, ya aika kwafi Dabai. Keziah ta tara matan unguwa a tsakar gida tana fassara musu da alfahari, sai a shafi na uku ta tsaya.

"Karanta," in ji uwarta.

Ta karanta abin da ya rubuta, "Na ga wannan dabara wurin wata tsohuwa jahila."

Ɓoye suna dokar bincike ce, wannan kam ba laifinsa ba ne. Amma "jahila" shi ya ƙara da hannunsa, don manya su ga shi ne mai ido.

Da yamma tes ya shigo: "Da bakina na zagi uwata gaban mutane. Kada ka kira ni."

Ga shi kuma an ce wani soja, Michael, ya turo abokansa golmo, noman da saurayi ke yi wa surukai. Japhet ya zo Dabai, ya ari garma ya faɗa gonar Mama Sila. Kafin hantsi hannunsa ya yi bororo.

"Aje garma, ɗana, kana kashe muna dawa," in ji Mama Sila. "Mi ɗan boko zai yi da ɗiyar jahila? Tahi abinka."

Ya tafi, kunya ta hana shi waiwaye. Da ya ce zai nemi mujallar ta yi gyara, shugaban sashensu ya gargaɗe shi cewa tonon silili zai zubar masa da daraja. Bai ji ba. Ya rubuta wa mujallar cewa dabarar ba tasa ba ce, ta Mama Sila ce, a sa sunanta, kalmar kuma ƙarya ce. Wata takwas ba tes ko ɗaya.

Da gyaran ya fito, tsakar gidan nan ya koma, gaban matan nan. Ya durƙusa ya karanta da kansa, tun daga zagin har ban haƙurin.

"Mama, na ci amanarki. Ki gafarce ni."

Tsohuwa ta ce Keziah ta ɗora mata yatsa kan sunanta. Ta daɗe tana shafa wurin.

"Haka nike a rubuce? To, tashi. Amma ka koyi noma."

Keziah ta rufe fuska da gefen zane ta ce, "Malamina, ka rame."

A Disambar 2008 aka ɗaura aure a cocin Dabai, dangi suna sa albarka. Da shekara ta zagayo, Keziah ta haihu a asibiti a Zuru. Nas ta kwantar mata da jaririya a ƙirji, ta juya ga Mama Sila ta ce, "Kaka, ban da wanka yau. Sabon ilimi ne daga Turai."

Japhet ya kama hannun surukarsa ya ce, "Sista, ga mai ilimin nan."

Mama Sila ta gyara ɗaurin zanen, don nas ɗin ba ta ɗaure daidai ba.

"Allah ya raya muna ita," in ji ta.