Kwalayen Babakura

Rahmat tana zaune a tsakar gidansu da ke unguwar Mafoni, ta tara kwalayen madara da na sabulu a gabanta tana liƙe bakinsu da salatif, sai ga mahaifinta Babakura ya faɗo gidan ko sallamar kirki babu. Da hantsi ne, lokacin da ya kamata a ce yana shago. Ya tsaya a kanta yana huci, hula a karkace.

"Ki faɗa wa yaron nan Tahir kada ƙafarsa ta sake taka ƙofar gidana. Maganar aure kuma na janye ta."

Tahir ƙaramin ma'aikaci ne a ofishin haraji, yaro mai kunya, kuma iyaye sun riga sun san da maganarsu, sa rana kawai ake jira. Sai da Babakura ya sha ruwa sannan bayani ya fito. Ashe da safen nan Tahir ya zo shagon tare da ogansa. Ƙananan 'yan kasuwa irinsu ba su da lissafi a rubuce, don haka da ido ake ƙiyasta abin da suke samu. Ogan ya ɗaga kai ya ga kwalaye jere har rufi, ya ce a sa Babakura a sahun manyan 'yan kasuwa. Tahir kuma ya rubuta.

To ga inda abin yake da ciwo: kwalayen nan babu komai a cikinsu sai iska. A da, daga Bama da Gamboru ake zuwa da motoci ana sarin kaya a wurin Babakura. Tun da tashin hankali ya toshe hanyoyi masu sari suka ɗauke ƙafa, jari ya narke, ciniki ya koma ƙullin sukari da gutsuren sabulu. Shi kuwa Babakura mutum ne da gara ya kwana da yunwa da a gan shi da riga babu guga. Shi ya sa duk kwalin da ya ƙare sai a kawo gida, Rahmat ta liƙe shi tsaf, a mayar da shi kan kanta kamar sabo. Daga shi sai ita sai mahaifiyarta suka san wannan.

Rahmat ta yi kuka ranar har idanunta suka kumbura.

Haraji ba ya jiran fushin kowa ya huce. Babakura ya kakkaɓe abin da ya rage ya biya, sannan ya rasa inda zai fanshe sai a jikin masu saye. Ƙullin sukari ya rame, sabulun da ake yankawa huɗu ya koma shida. Wata rana Rahmat ta kai masa abincin rana ta tarar da Rhoda, bazawarar da rikici ya koro daga kudancin Borno da 'ya'yanta, tana jujjuya ƙullin sukari a tafin hannunta.

"Baba, wannan ma yunwar ta kama shi ne?" in ji Rhoda tana dariya. Ta ce a da ƙulli ɗaya yana isar kunun yara duka, yanzu sai dai ta sa wa ƙaramar, manyan su sha haka. Ta biya, ta yi godiya, ta tafi. Babakura bai taɓa abincinsa ba.

A hanyar komawa gida Tahir ya tare Rahmat a wurin jiran keke. Ya rame, shi ma da gani ba ya samun barci. Ya rantse mata abin da idonsa ya gani ya rubuta, ya ce idan akwai kuskure ana iya sake duba shagon, ba wani abu ba ne mai wuya.

"Rahmat, don Allah, idan akwai abin da ban sani ba ki faɗa mini. Kalma ɗaya kawai, gobe in kai wa oga."

Kalmar tana bakinta. Ta san da ta furta ta za a rage harajin, wataƙila ma aurenta ya dawo. Amma sai ta tuna yadda mahaifinta yake gyara hula kafin ya buɗe shago. Ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a mayafinta.

"Ina son ka, Tahir, ka sani. Amma shagon na Baba ne, maganarsa ma tasa ce."

Bayan la'asar ta tarar da Babakura zaune a tabarma shi kaɗai. Ta durƙusa a gefensa ta faɗa masa duk yadda suka yi da Tahir, ba ta rage komai ba. Ya dube ta da mamaki, ya tambaye ta ko da gaske ba ta faɗa ba. Ta ce ba ta faɗa ba, kuma ba za ta faɗa ba, ko da auren zai tafi ke nan.

"Zan ci gaba da liƙe su muddin ka ce a liƙe, Baba. Sai dai wallahi yaran Rhoda suna ba ni tausayi. Kai ma kana ba ni."

Tsohon ya kawar da kai gefe. Shi da ya ɗauka mutuncinsa yake tsarewa, ashe yarinyar nan ce take ɗauke da shi a kanta, tana biya da farin cikinta. Ya sa hannun riga ya goge ido, wai wani abu ne ya faɗa masa.

Washegari ya aika a kira Tahir shago, ya ce Rahmat ma ta zo. Maƙwabta suna zaune a benci suna leƙe. Babakura ya miƙa masa reza, ya nuna kwalaye, ya ce ya buɗe duk wanda ya ga dama. Tahir ya ɗaga guda ɗaya, ya ji shi sakayau. Nan take ya gane. Bai yanka ba tukuna. Sai ya juya a hankali ya janyo ƙofar shagon ya rufe, ya tare tagar da bayansa, sannan ya ce da murya ƙasa-ƙasa:

"Ka yafe mini, Baba. Oga kaɗai zan kawo ya gani da idonsa, da sassafe kafin mutane su fito. Abin da aka biya ba zai dawo ba, amma ba za a sake ɗora maka shi ba."

Babakura ya dubi ƙofar da aka rufe, ya dubi 'yarsa. Sannan ya ce wa Tahir:

"Ka faɗa wa magabatanka ina jiran su ranar Juma'a."

Haka aka yi. Aka mayar da shi sahun ƙananan 'yan kasuwa, ƙullin sukari ya soma murmurewa, aka sha biki daidai ƙarfin gida. Don haka 'yan'uwana matasa, ku riƙe wannan: rufa wa kai asiri da ƙarya wahala ce da take shafar har waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. Yarinyar da ta yi haƙuri ta riƙe amanar mahaifinta kuwa, Allah bai bar ta haka ba, ya ba ta mijin da zai riƙe tata.