Mutumin da Bakinsa Ba Ya Hayaƙi

Ku matso kusa, a rage fitilar nan. Kada wani ya ce mini ta zo mu ji ta, wannan ba irin ta Gizo ba ce.

Baba Nomau mai goge ne, mutumin Sabon Birnin Gobir. Ubansa ma goge ya yi, amma na bori. Kun san yadda abin yake: kowane iska da kiɗansa, in an goga masa sai ya zo ya hau wani, in an gama kuma akwai kiɗan da ake sallamarsa da shi. Nomau bai gaji wannan ba, kiɗan biki ya yi duk rayuwarsa. Sai dai yana ƙarami ya sha laɓewa a bayan danga, har kunnensa ya ɗauke kiɗan kira guda ɗaya. Na sallama kuwa, kullum kafin a kai gare shi barci ya kwashe shi.

'Yarsa Rakiya ta yi karatun jinya a Turai. Da ta gama sai ta ce lallai ubanta ya zo ya buɗe ido. Ta kai shi Salzburg, birnin makaɗa a ƙasar Ostiriya, can tsakanin duwatsu masu farar ƙanƙara a ka. Tsohon ya ƙi rabuwa da gogensa, ya naɗe shi a bargo ya rataya.

Lokacin sanyi ne. Abin da ya fara ba shi dariya shi ne bakin mutane. Kowa ya yi magana sai hayaƙi ya fito, har shi kansa. Ya ce gari guda kowa mashayin taba ne.

Ranar farko suka yi ta yawo a tsohon gari. Lunguna matsattsu, gidaje masu shekaru ɗari-ɗari, kowace kusurwa da mai goge na Turawa yana ta faman ja. Rakiya ta nuna masa gidan wani makaɗinsu da ya mutu tun zamanin da, mutane sun yi layi don su ga ɗakin da aka haife shi. Nomau ya taɓe baki. Kishin sana'a ya motsa, kuma kun san tsoho in kishi ya kama shi.

Washegari suka hau ƙaramin jirgin ƙasa mai hawa dutse, zuwa wata tsohuwar ganuwa da ke saman gari. Daga can ana ganin kogi da rufin gidaje fari fat. Wasu baƙi suka ga abin da ke cikin bargo, suka roƙi ya taɓa musu. Da kiɗan biki ya yi, da an rabu lafiya. Amma yana so ya nuna wa garin makaɗa abin da bai taɓa ji ba. Ya ce a ransa, nan ina, Gobir ina, wa zai ji?

Ya goga kiɗan kira.

Aka tafa masa, aka ɗau hoto. A bayan taron akwai wani dogon mutum cikin kwat ruwan toka. Shi bai tafa ba.

Kwana ya wuce, suka je wata maƙabarta a gindin dutse, inda aka sassaƙa ɗakuna a jikin dutsen. Mai kwat yana tsaye tsakanin kaburbura. Ya ɗaga wa Nomau hula, leɓensa na motsi. Nomau ya daɗe yana dubansa kafin ya gane abin da ya dame shi. Kowa a wurin bakinsa na hayaƙi. Na wannan ba ya yi.

Ya juya zai ce wa Rakiya su tafi, sai ya ga ƙafarta. Tana buga ƙasa a hankali. Bugun kiɗan nan ne, babu kuskure ko ɗaya. Ya tambaye ta abin da take yi, ta ce ita ba ta yi komai ba.

Daga nan duk inda suka je sai sun tarar da shi. A kan gada. A lambun sarakunansu na da. A bakin shagon da suka sha shayi. Kullum kuma ya fi jiya matsowa. Rakiya mai surutu ta koma shiru. Ta daina kallon taswira, ta daina ɗaukar hoto. Kafaɗarta ta soma rawa ita kaɗai. Wata la'asar suna tsallaka titi ta tsaya cak, motoci na ta hon.

"Baba, wa ke kirana?"

"Ba kowa, uwata. Mu je."

Ya riƙe hannunta. Sanyi ƙalau, kuma ba sanyin gari ba ne. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba. Ya taɓa ganin matan da aka hau ba a sallama ba. Ya san yadda suke ƙarewa, suna yawo a kasuwa ba ɗankwali.

Ya kai ta masauki. Ta zauna a bakin gado tana jijjiga, idonta a bango. Ya tofa mata duk addu'ar da ya sani, ya ja ƙofa, ya ɗauki gogensa. Bai bi ta jirgi ba. Akwai wata 'yar hanyar ƙafa da ta ratsa itatuwa zuwa saman dutsen, ita ya bi, shi kaɗai, magariba na kawo jiki.

Ba tsuntsu. Ba iska. Ƙanƙara na ƙara a ƙarƙashin takalminsa. Can sai ya lura akwai mai tafiya a gefensa, amma ƙarar takalmi ta mutum ɗaya ce.

"Ka kira," in ji mai kwat. Da Hausa ya faɗa, Gobiranci tsantsa, muryar kamar daga cikin rijiya.

"Kuskure ne, ranka ya daɗe. Ban san za ku biyo ni har nan ba."

"Ba mu biyo ka ba. Mu na nan ne. Tun da aka kafa garin nan ake kiɗa, dare da rana. Wa kansu suke yi. Ba wanda ya taɓa yi mana sai kai."

Mai kwat ya ƙara matsowa.

"To mun zo. Wa za mu hau?"

"Ba ni da kowa."

"Akwai ta masauki."

Tsohon ya tsaya. Ya durƙusa a ƙanƙara ya ce a hau shi a bar yarinya. Aka ce ba a hawan makaɗi. In ba ya so, ya yi musu kiɗan sallama su koma. Ya ɗora izgar gogen a kan tsirkiya. Ya lalubo nan, ya lalubo can. Babu. Abin da bai taɓa ji ba, ina zai samo shi?

Ya miƙa gogen da hannu biyu. Mai kwat ko dubansa bai yi ba, ya ce garin cike yake da irinsa.

"Ba mu komawa hannu wofi. Ba mu abin da ke cikin kunnenka."

"Duka?"

"Duka. Wanda ka ji, da wanda za ka ji."

Nomau ya gane sarai abin da ake nufi. Ya tuna ba shi da gona, ba shi da wata sana'a. Ya tuna kafaɗar nan mai rawa. Ya tuɓe hularsa ya sunkuyar da kai.

Yatsu biyu suka taɓa kunnuwansa. Sanyi ya ratsa har haƙori. Da ya ɗago, ba kowa sai itatuwa.

A masauki ya tarar da Rakiya tana dafa shayi. Ta hau shi da faɗa, wai tsoho da shi zai fita shi kaɗai a garin da bai san yarensu ba. Ya ji kowace kalma tata. Bai taɓa jin daɗin faɗa irin na ranar ba.

Har yau yana jin magana. Yana jin kiran salla, yana jin kukan akuya. Amma in aka buga kalangu a gabansa, hannu kawai yake gani yana sama da ƙasa. Ranar bikin Rakiya makaɗan Gobir kaf suka zo don girmama shi, suka kewaye shi suna yi. Yana zaune a tsakiya da babbar riga, yana satar kallon hannun na kusa da shi don ya san lokacin tafi. Mata na ta yi masa tsiya wai tsufa ya sa ya kasa bin kiɗa. Ya yi dariya tare da su. Ita amaryar har gobe ba ta san dalili ba.

Don haka in Allah ya kai ɗayanku garin nan, ya hau jirgi tare da jama'a. Kada ya bi hanyar itatuwan nan shi kaɗai da magariba. In kuma wani ya gaishe ku cikin sanyi, ku dubi bakinsa kafin ku amsa.

Kai da ke kaɗa ƙafa a can, tsayar da ita. A je a kwanta.