Matar Kyaftin Ta Ƙwanƙwasa

"Kowa ya kwanta! Fuska a ƙasa!"

Da hantsi Craddock ya daki ƙofar Gidan Kyaftin da ƙafa, bindiga a hannu, Mungo na biye da buhu. Jago ne na ƙarshe, fuskarsa rufe da hula har wuya. Shi kaɗai ne ɗan garin Porthenna a cikinsu, shi kuma ya kawo aikin: azurfar tsohon gidan, da ramin 'yan fasa-ƙwauri da ya ɓulla bakin teku, inda jirginsu ke jira. Sharaɗinsa ɗaya, kada a taɓa tsohuwar da ke kula da gidan. Bai gaya musu goggonsa Kerensa ce ba, wadda ta raine shi.

Baƙi shida da suka zo kallo suka zube ƙasa. Tsohuwar ko gezau.

"Makullin akwatin azurfar, tsohuwa," in ji Craddock.

"Shekara talatin ina zaune da fatalwa, ɗan nan. Kai zan ji tsoro?"

"Oga, mu fasa shi kawai," in ji Jago, yana shaƙe murya.

"Rufe min baki, ɗan ƙauye."

Craddock ya ɗirka wa tsohuwar gindin bindiga. Ta gantsara masa cizo a hannu. Sai ƙara, tau! Ta sulale jikin bango, jini ya jiƙe rigarta.

Mai soya kifi a tsallaken titi ta riga ta buga wa 'yan sanda waya. Motar Sajan Hosking ta maƙale a lungun tashar jirage. "Ku sauka! Da ƙafa!"

Makullin bai samu ba. Minti ashirin Mungo na fama da akwatin kafin ya fashe. Suna ɗura azurfa a buhu, sai daga ƙarƙashin gidan: ƙwam. Ƙwam. Ƙwam.

Mungo ya daskare. "Mene ne wannan?"

Baƙi ake gaya wa wai matar kyaftin ce ke neman mijinta da teku ya cinye. Amma duk ɗan Porthenna ya san gaskiyar tun yana rarrafe: teku ne ya fara cikowa, yana bugun ƙyauren ƙarfen da ke ƙarshen ramin. In ta ƙwanƙwasa, ramin zai cika da ruwa, sama ake hawa.

Jago ya dubi goggonsa, ya dubi Craddock.

"Fatalwa ce, Oga. Ko tsoro kake ji?"

"Ni? Uban wa? Wuce, Mungo."

"Ku yi gaba, bari in tare ƙofa."

Suna gangarawa Jago ya kifa murfin ramin, ya zura sakata, ya danne da akwatin. Ba a jima ba harsasai suka fara dukan murfin daga ƙasa.

"Buɗe, ɗan iska! Ruwa! Jago, ruwa!"

Ya cire hular, ya ɗora kan goggonsa a cinyarsa.

"Goggo, ni ne."

"Tun a bakin ƙofa na gane tafiyarka." Numfashinta na fizga. "Ta ƙwanƙwasa, Jago. Hau sama."

Lokacin da Hosking ya faɗo da mutanensa, ta cika. Bugun ƙasa ya ragu, ɗaya-ɗaya.

"Wa ke ƙasa?"

"Matar kyaftin," in ji Jago.

Hosking ɗan garin ne. Ya ruga ya ture akwatin, ya ɗaga murfin. Ruwa ya riga ya kai matakalar ƙarshe.

Gawa uku aka fitar ranar. Jago ya sami ɗaurin shekara ashirin da biyu. Har yau in aka ƙwanƙwasa ƙofar ɗakinsa a kurkuku, kan gado yake hayewa.