Doguwar Mace a Bangon Filin Kiɗa

Tunda aka ba wanda zan aura aikin zane a bangon filin kiɗa, ya rage nemana. In na yi ƙorafi sai ya yi dariya ya ce, "Haba ƙanwata, da bango kike kishi?"

Da bangon kuwa nake kishi. A tsakiyar makaɗa da 'yan rawa ya zana wata doguwar mace mai wushirya, wadda ko kaɗan ba ta kama da ni. Ya ƙawata ta har ƙwayar ido, saura ƙafafu. Shi kullum ƙafa yake bari ƙarshe, sai dai ya shata ta da alli.

Rannan da almuru, kafin makaɗa su iso, na tafi da gwangwanin farin fenti a jaka don in shafe fuskarta. Filin shiru, sai kujerun roba a jere. Wata mata na zaune a layin gaba, ta ba ni baya. Warin ɗanyen fenti ya cika min hanci, alhali ban buɗe nawa ba.

"Ke ce mai kiransa yana tsakiyar aiki?" in ji ta. Muryarta kamar daga cikin siminti take fitowa.

"Baiwar Allah, kin san ni ne?"

Ta miƙe ta juyo. "Saboda ke ya ajiye burushi ya bar ni haka. Ki bar min shi."

Na sunkuyar da kai, kamar yadda na saba. A ƙasan siket ɗinta babu ƙafafu, sai layin alli.