Batirin da Ya Wuce Tamanin

An kwashe ƙofofi goma sha biyu daga siton Kafinta, ba a fasa kwaɗo ba, ba kuma wanda ya ji ƙarar mota.

Ƙofofin na wata makaranta ne, an gama su, an shafe su, Laraba za a kai. Kafinta ya tafi duba mahaifiyarsa ranar Juma'a a motar haya, don garin da take babu wurin caji. Akori-kurarsa mai lantarki ya bar ta a rumfar shagon, jone da akwatin caji na jikin bango. Ya dawo Lahadi da yamma. Litinin da safe ya buɗe sito, wayam.

Sajan ɗin 'yan sanda ya zo, ya juya kwaɗon, ya yi tambaya ɗaya.

"Wa ke da makulli?"

"Ni da Baba mai gadi," in ji Kafinta.

"To magana ta ƙare."

Ƙanin matar Kafinta na wurin, wanda ake kira Tanka don ya taɓa jan tankar mai kafin a sallame shi. Shi ya fi kowa ɗaga murya. "Na sha faɗa maka, Yaya, tsohon nan ba barci yake ba, lissafi yake!"

Baba shekararsa ashirin da biyu yana gadin dare a wurin, tun zamanin mahaifin Kafinta. Aka sa shi gaba da 'yar butarsa a hannu. Sajan ya ce gobe Talata sai kotu.

Kafinta ya shiga motarsa zai bi su, ya kunna, ya kalli allo, sai ya ga ɗari. Nan ransa ya ƙara ɓaci. Motar nan tsofaffin motocinsa biyu ya sayar ya saye ta, unguwa ta yi masa dariyar wata uku, kuma doka ɗaya ya riƙe tun ranar farko: caji ba ya wuce tamanin, don batir ya daɗe. Ya kira Mai Waya, wanda ya haɗa masa akwatin.

"Akwatinka ya haukace. Zo ka gyara kafin ya kashe min batir."

Mai Waya gajeren mutum ne mai sanƙo, ba ya gardama sai ya buɗe abu ya gani. Ya danna akwatin, ya shiga motar, ya danna allo, ya fito yana goge hannu a wando.

"Akwatina lafiyarsa ƙalau. Kai ne ba ka san an ci amanarka ba. Yaushe ka jona ta?"

"Juma'a da safe."

"Akwatin kuma ya ce jiya Lahadi aka jona ta, huɗu da rabi na yamma. Daga nan zuwa yanzu wutar da ya ba ta ba ta kai ta dafa ruwan wanka ba. A cike ta dawo. Kuma wani ya shiga allo da yatsansa, ya ɗaga iyakar daga tamanin zuwa ɗari."

Kafinta ya zauna a kan benci. "Kana nufin da motata aka sace ni?"

"Shi ya sa ba a ji komai ba. Tashi mu je."

Suka fara da Mai Shago, matar da ke sayar da sabulu da ashana a tsallaken titi, wadda ta san ƙarar kowace mota a layin.

"Hajiya, jiya da rana wata mota ta shiga wurin nan?" in ji Mai Waya.

"Ko ɗaya. Ina ciki ina jera kaya, amma kunnena na waje."

"Tifar Dogo fa?"

"Wannan? In ta tashi gwangwanayena sai sun yi rawa a kan kanta. Jiya ba su motsa ba."

Dogo mai tifa maƙwabcin Kafinta ne, shi ne kuma shugaban masu yi wa akori-kurar ba'a. Suka same shi ƙarƙashin tifarsa, baƙin mai har gwiwar hannu.

"A'a, mai motar tocilan! Batir ya ƙare ne, a zo a tura?"

"Jiya da rana kana ina?" in ji Mai Waya.

"Nan. Kwana uku ina jiran famfon mai."

"Motar Kafinta nawa ake cajinta?"

Dogo ya leƙo. "Tamanin mana. Kullum sai ya yi mana wa'azin tamanin, har a mafarki ina ji."

Da suka fito Mai Waya ya ce, "Cire shi. Wanda ya san tamanin ba zai kai ta ɗari ba."

A ofishin 'yan sanda Sajan ya bar su su ga Baba ta bayan kanta. Tsohon ya zauna a ƙasa, an karɓe masa takalmi.

"Baba, ka iya tuƙi?" in ji Mai Waya.

"Ɗan nan, ko keke ban taɓa hawa ba."

"Da ka zo aiki jiya, motar na wurinta?"

"Tana nan. Sai dai gabanta na kallon bango. Maigida kuwa da baya yake shigar da ita, don wayar ta kai ba ja. Na ga wayar a miƙe tsaf kamar igiyar shanya, na ce ko sauri ya yi."

Sajan ya yi tsaki. "Yana iya ba wani makullin."

"Yallaɓai, ba mu awa biyu," in ji Mai Waya. "In ban kawo maka mutum ba, haɗa ni da shi."

A mota ya yi wa Kafinta bayani. "Akwatin bango a hankali yake sha. In batir ya yi ƙasa sai ya kwana ya wuni. Ɓarawon ya yi nisa da ƙofofin, ya dawo batir ya faɗi, kai kuma kana hanya. Dole ya nemi wurin caji mai sauri. A duk yankin nan guda nawa ne?"

"Ɗaya. Gidan man bakin gada."

Ma'aikacin gidan man bai ko yi dogon tunani ba. "Wannan motar? Jiya wajen uku. Ai sai da muka yi faɗa. Ta kai tamanin ta tsaya, ya ce na cuce shi. Ya ce shi shekara goma yana jan tanka, ba a taɓa ba shi rabin tanki ba. Ni na nuna masa inda ake ɗagawa a allo. Bayan ta cika har jijjiga motar ya yi, wai ta ƙara ɗauka."

Kafinta ya tuna makullin ajiya, na mota da na sito a zobe ɗaya, rataye a bayan ƙofar kicin ɗin gidansa. Ya tuna wanda ke cin abinci a gidan kullum, wanda in aka fara zancen motar sai ya miƙe ya ce shi ba ya sauraron hirar kayan wasa.

Suka ɗauko Sajan, suka wuce gida. Tanka na falo, faranti a cinya, yayarsa tana ƙara masa.

"Sannu da cin abinci," in ji Mai Waya. "Tambaya ce ta kawo ni, tunda kai tsohon direba ne. In mota ta kwana biyu a jone, nawa za ta nuna?"

"Ɗari mana. Abu ya kwana biyu yana sha, ai ya cika. Wannan ma tambaya ce?"

Matar Kafinta ta tsaya da cokali a hannu. "Tamanin," ta ce. "Ko 'yar autarmu ta san tamanin ne."

"Kowa ya sani sai kai," in ji Mai Waya. "Ka ɗauke ta ba ka kalli allo ba. Ka zaci a cike ka same ta, sai ka mayar da ita a cike, yadda kuka saba da tankin mai in kun ari mota a ɓoye. Da ka bar ta a tamanin, da Kafinta bai kira ni ba, da gobe Baba yana gaban alƙali. Ka kuma shigar da ita da gaba. Mutumin gidan mai yana gaishe ka, ya ce ka daina jijjiga batir, ba ya ƙara ɗauka."

Tanka ya juya wajen yayarsa. "Yaya, wallahi aro na yi, zan..."

"Ajiye min farantina," ta ce.

Ya ajiye.

Kafin la'asar ya faɗi inda ƙofofin suke, wajen wani mai gini a gari na gaba. Kafinta ya je da Sajan ya kwaso su, goma sha biyu cif, ɗaya ce kawai ta ɗan kurje a gefe. Cajin da ɓarawon ya biya da kuɗinsa shi ya kai su ya dawo da su, har da saura.

A hanyar dawowa suka biya ofis. Kafinta da kansa ya durƙusa ya sa wa Baba takalmi, ya buɗe masa gidan gaba. Tsohon ya zauna, butarsa a cinya, motar ta zame ba ƙara.

"Ta tashi kuwa?" ya ce.

"Mun wuce gada ma, Baba."

Suka shiga layi ƙofofi na sheƙi a baya. Mai Shago ta fito tana tafi. Dogo ya fito daga ƙarƙashin tifa, ya zagaya motar sau biyu, ya matso kusa da Mai Waya ya rage murya. "Wannan akwatin naka, zai hau bangona?"

Mai Waya ya shiga allo ya mayar da iyakar tamanin. Ranar Laraba aka kai ƙofofi, da Baba a gaba.

Tanka kuwa alƙali ya ba shi wata shida. Babur ɗinsa aka sayar aka mayar wa mai ginin kuɗinsa. Ranar da ya fito ya zo gidan yayarsa daidai lokacin abinci, ya tarar an canja kwaɗo. Ta leƙo ta taga, ta dube shi sama da ƙasa, ta ja labule.