Ƙafafun da Suka Ƙi Shiga Hoto

Tun da Mu'azu ya bar tuƙin taksi yake koyon ɗaukar hoto. Gargaɗin maigidansa kullum ɗaya ne: kada ka yanke wa mutum ƙafafu.

Bayan magariba, a bakin kogi a unguwar Gaweye, wata mata mai shuɗin zane ta tare shi.

"Malam, ɗauke ni mana."

Ya ɗaga kyamara, amma ƙafafunta ba su shigo ba. Ya ja baya, ya ƙara ja, har ruwa ya kai masa gwiwa. Da ya duba, babu komai ƙarƙashin zanen sai iska.

"Ƙara ja baya," ta ce a hankali. "Bara da ka take ƙafafuna da taksinka, ai ba ka tsaya ba."

Sai a lokacin ya gane zanen.