Kauɗar Mashkura

Mashkura ta kwance bakin buhun farko, warin hunhuna ya bugi fuskarta. Kauɗar tumatirin da ta bari ja jawur ta koma baƙa ƙirin, ta dunƙule wuri ɗaya.

Ba ta yi kuka ba. Ta buɗe na biyu, ta buɗe na uku...

Tumatirin saurayinta Ja'afar ne, noman raninsa kaf na fadamar Goronyo. Da kasuwa ta faɗi, ita ta hana shi zubar wa dillalan Achida. Ta ce ya kawo Wurno ta yanka, ta shanya bisa gadajen waya inda yashi ba ya taɓawa, su niƙa su sayar da damina. Mahaifinsa bai so ba. Ya ce in kayan suka lalace, maganar aure ta lalace.

Ana tsakiyar shanya zazzaɓi ya kwantar da ita. Ikilima, ɗiyar baffan Ja'afar da mahaifiyarsa ta fi so masa, ta zo dubiya. Ita ta kwashe kauɗar tun tana lanƙwasa, ta ɗura a buhu mai leda ta ɗaure. Alhali duk ɗiyar fadama ta san sai kauɗa ta karye a hannu ake ɗaure ta.

Ja'afar ya yi sallama ya shigo zauren, idanunsa jajur.

"Mashkura... mi ya samu kayan?"

"Ga su nan, ka gani."

"Ikilima ta ce ke kinka ce ta kwashe."

"Kai mi kac ce mata?"

Ya sunkuyar da kai.

"Rabin raina, wallahi har durƙusawa na yi gaban Baba. Ya ce gobe Kawu Lauwali zai zo karɓe kayan tambayar aurenki da muka kawo."

"To."

"To kawai?"

Ta laluba cikin ranta ko za ta sami abin ba shi, fushi ko hawaye. Babu komai.

"Don Allah ki ce wani abu, masoyiya. Ko zagina ki yi."

"Da ka ce mata ƙarya take, da na sami abin cewa."

Ta miƙe ta kakkaɓe zanenta.

"Kwashe buhunanka, Ja'afar. Gobe mutanen Rabah za su kawo min nasu tumatirin in yanka."

Ya riƙa ɗauka ɗaya bayan ɗaya. Da ya dawo ɗaukar na ƙarshe ya kira sunanta a hankali. Tana tsakar gida tana wanke wuƙaƙen yanka, ba ta waiwayo ba.